Fensirin Magini

Magini ya zaro fensir daga bayan kunnensa, ya durƙusa a gindin bangon ɗakin jiran likita. Mutanen da ke kan benci suka janye ƙafafunsu, ba wanda ya ce masa kanzil. A wannan sashe na asibiti ba a tambayar mutum abin da yake yi.

"Baban yara, don Allah tashi," in ji matarsa ƙasa-ƙasa. "Takarda fa muka zo karɓa."

Takardar nan ita ce ta hana shi sakat. Wata biyar da suka wuce rufin kankare ya rufto a wurin aikinsu, ya danne shi tun hantsi har la'asar, shi da wani kafinta da suka yi ta hira a cikin duhu har kafintan ya daina amsawa. Ƙafar Magini ta warke sumul. Amma kamfani ya ce ba zai mayar da shi shugaban magina ba sai likitar ƙwaƙwalwa ta sa hannu cewa lafiyarsa lau. Ita kuwa, maimakon ta sa hannu, sai ta ce yana fama da firgicin da kan biyo bayan mummunan hatsari.

Wai firgici. Mutumin da ya shekara ashirin da bakwai yana tafiya a kan katako hawa biyar, yau yarinyar da aka haifa yana ɗora bulo ce za ta ce masa yana tsoro. Hujjarta kuma ba ta wuce yawan duba bango da yake yi ba. To in tela ya kalli rigarka ya ce ɗinkin ya karkace, sai ka ce yana da taɓin hankali?

Magina suna da dabararsu. In bango ya tsage, ba a gardama da shi. Sai a ja layi da fensir daidai inda tsagar ta tsaya, a rubuta kwanan wata, a tafi. In an dawo ta wuce layin, ginin na motsi. In ba ta wuce ba, fenti ne kawai ya gaji. Zuwansa na watan jiya ya yi wa tsagar bangon nan alama, yau kuma ga ta ta wuce layinsa da faɗin yatsa biyu. Ya zura gefen katin asibitinsa a ciki, kati ya shige har rabi.

Da aka kira shi, ya ja kujera kusa da ƙofa, ya sa ƙafa ya tokare ta kada ta rufe.

"Baba, yaya barci?" in ji likita.

"Alhamdu lillahi."

"A ina kake kwana yanzu?"

"Inda iska take."

"A rumfar kwano da ke ƙofar ɗaki, likita," in ji matarsa. "Ko ruwa ake yi."

Ya harare ta. Shekara talatin da aure, ba ta taɓa koyon lokacin yin shiru ba.

"'Yata," ya ce wa likita, "kin yi ta duba kaina wata da watanni. Taso yau ki duba banginki."

Ta taso, da irin murmushin da suke yi wa marasa lafiya. Da ta ga katin a cikin bango murmushin ya ragu, ta aika a kira injiniyan asibiti. Injiniya ya iso yana cika yana batsewa, ya duba layin, ya duba kwanan watan, ya hau sama. Da ya sauko ya ce a fitar da kowa daga ginin. Ashe wani mai basira ne ya ɗora tankin ruwa a kan rufin, tankin kuma ya daɗe yana yoyo cikin bangon.

Kafin azahar an kwashe kowa zuwa gindin bishiyoyin da ake ajiye motoci. Ma'aikata na ta fito da tebura da fayiloli, injiniya kuwa ya riƙe hannun Magini da hannu biyu yana ta godiya. Daɗi ya kama Magini har kunne. Rabon da ya ji shi mutum ne haka, tun kafin rufin ya faɗo.

Ya je ya tsaya a gaban teburin likita, wanda yanzu ganye ke zuba a kansa.

"To, likita, wa ke da ciwo, ni ko bango?"

"Bango na da ciwo, Baba. Ka kuma taimake mu, Allah ya saka da alheri."

"Madalla. Takardata."

"Bangon gidanka fa, tsaga nawa ka yi wa alama?" in ji likita.

"Goma sha ɗaya," in ji matarsa.

"Nawa suka wuce layi?"

Magini ya kalli bishiya.

"Ga abin da za mu yi," in ji likita. "Ka je gida ka shiga ɗakinka, ka rufe ƙofa, ka zauna a bakin gado minti goma. Mama ce shaida. In ta ce ka zauna, ka zo gobe in sa hannu. In abin ya ƙi, Laraba mai zuwa ina nan."

Ya yi dariya har da tafa cinya. A cikin bas ya ba kwandasta labarin tankin, ya ba wata mata mai kwando, ya juya ya sake ba kwandastan.

Sun isa gida da la'asar. Bai ko sha ruwa ba ya zagaya ɗakin ta waje yana bin layukansa ɗaya bayan ɗaya. Duk tsagogin nan sha ɗaya suna nan inda ya bar su watannin baya, ko gashi ba su ƙara ba. Ba abin mamaki ba ne. Shi ya haƙa harsashin ɗakin nan, shi ya ɗaure rodin rufin, shi ya tsaya a kan kwaɓin siminti. A duk unguwar babu ginin da ya yarda da shi kamarsa.

Ya cire takalmi, ya yi bisimilla, ya shiga. Taku ɗaya, taku biyu. A na uku ƙurar siminti ta cika masa hanci, alhali matarsa ta share ɗakin da safe. Gadon na nan, taku huɗu kacal, da zanen gado mai furanni. Sai ya ji muryar kafinta dab da kunnensa, a hankali, yana tambayarsa ko ƙarfe nawa yanzu. Bai san yadda aka yi ba, ya dai ga kansa a rumfa, zaune a ƙasa, riga ta jiƙe sharkaf.

Matarsa ta kawo ruwa ta durƙusa kusa da shi. Tausayinsa ya kama ta har idonta ya cicciko.

"Baban yara, gobe zan ce ka zauna. Wa zai sani?"

Ya karɓi kofin. Ya ga kansa a wurin aiki, takarda a aljihu, mutum ashirin a ƙarƙashin sabon rufi suna jira ya shigo ya duba musu turakun da ke tokare rufin.

"Kin taɓa ganin na shafe tsaga da filasta?" ya ce.

"Ban taɓa ba."

Ya ajiye kofin. Ya rarrafa zuwa bakin ƙofa, ya kwanta rub da ciki, ya miƙa hannu cikin ɗakin iya tsawonsa, daidai inda ƙafarsa ta tsaya. Ya zaro fensir ya ja layi a kan daɓen, ya rubuta kwanan wata a gefe, da kyau, yadda zai karantu.

"Kada ki goge wannan in kina shara," ya ce. "Laraba ta ce, ko?"