Tururuwa a Cikin Nonona

Lokacin cirar gyaɗa ne, duk mazan gidanmu a Dugabau suna gona. Maigidana ya kai buhuna awo Gwarzo. Gidan ya rage daga ni sai Inno, uwar mijina, da yaron. Datti sunansa, amma ɗan farina ne, ba na faɗin sunan, ba na ɗaukarsa gaban manya sai in zan ba shi nono.

Tun jiya yake zawo, yau kuma amai ya haɗu. Da hantsi na shafa kansa na ji maɗigarsa ta lotsa. Leɓensa ya bushe, tun dare bai yi fitsari ba, kukan ma a hankali yake fita.

Inno ta miƙo mini 'yar ƙwarya. "Tatso."

Na tatsa. Ta kamo tururuwa daga gindin rumbu ta jefa ciki. Ta yi ta wutsil-wutsil, can ta daina motsi.

"Kin gani? Nonon ya ɓaci. Ba nono, ba ruwa, sai cikin ya tsaya. Abin da ba a zuba ba, ba ya fita."

Ta ɗora shi a cinyarta tana shafa masa tokar gargajiya a ka. Ni kuwa a ruga na girma, cikin shanu. Na sha ganin maraƙin da zawo ya kama, wanda ya daina tsotso shi muke binnewa.

Na shiga madafa, na tafasa ruwa, na dama kunu tsararo, na sa ɗan gishiri kan yatsa, na fifita. Da na fito idanunsa sun shige ciki.

"Inno, ba ni shi."

"Yelwa! Ɗan farin naki? Ina kunyar?"

"Ki yi haƙuri, Inno. Ba ni Datti."

Jin sunan a bakina ya sa ta sake shi. Na ɗiga masa kunun da ƙaramin ludayi, ya haɗiye, na ƙara. Sai ga shi duka ya dawo.

"To, madalla da likita," in ji Inno.

Na goge masa baki, na dakata, na koma ɗigo ɗigo kamar mai ba ɗan tsako. Wannan karon ya zauna. Na sa masa nono, ya ƙi, na matsa a leɓensa har ya kama. Inno ta juya mana baya tana ɓarar gyaɗa da ƙarfi. Na ƙudurta in la'asar ta yi bai canja ba, zan goya shi in taka zuwa Kabo in tari motar gyaɗa mu tafi asibiti, ko wa zai yi fushi.

Ana kiran la'asar hannuna ya sage. Inno ta karɓe shi ta ɗora a cinya. Jim kaɗan ta zabura tana kakkaɓe zane.

"Kai, mijin banza! A kaina za ka yi fitsari?"

Ta dubi jiƙaƙƙen zanen, ta dube shi. Sannan ta tura mini ƙwaryar kunun da ƙafa.

"Ya huce. Je ki ɗumama."