Geron da Aka Kira Dawa

Malam Safiyanu bai so a kai 'yarsa Nasiha makarantar Alhaji Ɗanbala ba, kuma bai ɓoye ba. Shi malamin aikin gona ne a wata ƙaramar sakandare da ke Kwandiko, can ƙasar Gwaram, ya san abin da ake nufi idan aka ce makaranta ba a faɗuwa a cikinta. Amma matarsa Mairama ta kafe, ƙannensa suka taya ta, har wajen gyatumarsa aka kai ƙara. 'Ya'yan kowa na tafiya Birnin Kudu su rubuta jarrabawar fita su dawo da sakamako mai kyau, shi ne zai zauna yana gwada tsantseninsa a kan 'yar cikinsa? Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Yarinya ta koma gidan gwaggonta a Birnin Kudu, ta yi ajin ƙarshe a can.

Abin da yake kwantar wa kansa hankali da shi shi ne ya san halin 'yarsa. Nasiha mai gardama ce tun tana tatata. Tana firamare wani malami ya zana musu gyaɗa a allo tana reto a reshe kamar wake, ta ɗaga hannu ta ce ba haka take ba, ta sha bulala. Washegari ta tugo gyaɗa daga gona, da saiwarta da ƙasarta, ta dire masa a tebur. Safiyanu ya yi mata faɗa a gaban mutane don a ga ya yi, amma a ransa kamar ya goya ta. Ya riƙa gaya wa kansa cewa shekara guda a hannun Ɗanbala ba ta isa ta kashe wannan kan ba.

Ranar jarrabawar fita ta gwajin aikin gona, wadda ake jera wa yara kayan amfanin gona a tire su duba su faɗi sunansu da siffarsu, Alhaji Ɗanbala ya kira shi a waya. Ya ce tunda fanninsa ne, ya zo ya duba musu kayan kafin yara su shiga. An yi ruwa da asuba, hanya ta caɓe, babur ɗinsa kuma ya yi faci a tsakiyar daji. Kafin ya iso an riga an fara.

Abin da ya fara cin karo da shi shi ne jami'in da aka turo ya sa ido. An ajiye masa kujerar roba a gindin dalbejiya, ya juya wa azuzuwa baya, ga gasasshiyar kaza a cinyarsa, maiƙo har gwiwar hannu. Ya amsa sallama baki cike. Safiyanu ya wuce bai ko ba shi hannu ba.

Ya tsaya a bakin taga. Wani matashin malami mai suna Zulkifli ne a gaban allo, waya a hannun hagu, alli a hannun dama, yana kwafo amsa yana zubawa. Yara kuwa kai sama, kai ƙasa, kamar kaji na shan ruwa. Babu mai tari, babu mai motsi. Wannan bai ba shi mamaki ba, dama abin da ya guda ke nan. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne tiren da ke kan kowane benci. Abu na farko a ciki zangarniyar gero ce, doguwa siririya, irin wadda ke cike da rumbun kowane gida daga nan har Dingaya. A allo kuwa Zulkifli ya rubuta da Turanci cewa abu na farko dawa ce, kanta a baje yake, ƙwayarta ja.

Ya sake duba tiren, ya sake duba allon. 'Ya'yan manoma ne fa waɗannan. Da furar gero aka yaye su, ƙaiƙayinsa ya ci musu wuya lokacin girbi, 'yan matan cikinsu hannunsu ya yi kanta wajen sussukarsa. Ga shi a gabansu, tazarar taki ɗaya babu, suna rubuta ja ne kuma a baje yake. Wani dogon yaro a bencin baya har murtsuke ƙwayar yake yana watsawa a baki, yana tauna gero yana rubuta dawa. Safiyanu ya tofar da yawu. Can ya hango Nasiha a layi na biyu, ta sunkuya cikin hijabi, biro na gudu, amma daga inda yake ba ya ganin abin da take rubutawa.

Ya faɗa ofishin Alhaji Ɗanbala ba ko sallama.

"Alhaji, gero ne a tiren nan."

"To?" Ɗanbala ya ɗago daga kan wayarsa.

"Dawa ake rubuta musu a allo."

"Af, aikin maigadi ne. Dawa aka ce mu sa, na aike shi ya samo, ya kwaso abin da ya tarar. Ai da ka zo da wuri da ka gyara mana." Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Kar ka damu, Malam. Masu ba da maki takarda za su gani, ba tire ba. Dawa suke jira, dawa muka ba su."

"Yaran fa? Ko ɗaya bai ɗaga hannu ya ce wannan ba dawa ba ce?"

"Allah Ya kiyaye! Ai mun hore su. Yaron da ke tsayawa tunani a jarrabawa shi ke faɗuwa. Ka zauna a kawo maka lemo."

"Sha abinka," in ji Safiyanu. "Wallahi Alhaji, da awaki ka tara a ɗakin nan da sun fi su, don akuya ba ta taɓa ɗaukar gero a matsayin dawa ba."

"Har da taka a ciki," Ɗanbala ya ce, ya mayar da ido kan waya.

Maganar ta soke shi. Ya fita ya zauna a kan babur ɗinsa a bakin ƙofa, yana jin ƙyamar wurin gaba ɗaya, har fentin bangon da aka rubuta wa Ilimi Haske Ne da manyan baƙaƙe. Tsaki yake ja ba ƙaƙƙautawa. Nan ya shiga auna abin da zai tarar. Idan Nasiha ta rubuta gero, ta rasa makin tambayar, Mairama za ta yi mita har kaka, shi kuwa sai ya tsaya a kasuwa ya saya mata tsire. Idan kuma ta ga gero ne ta danne zuciya ta rubuta dawa don kada ta faɗi, zai ji ciwo, amma zai gane. Yaro ba ya ja da makaranta guda shi kaɗai. Ko a hakan dai idonta na nan, bakinta kawai aka toshe, kuma wannan yana da magani. Ya shirya wa kowanne daga cikin biyun.

Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka ɓarko suna shewa, kowa na cewa yau an sha da sauƙi. Jami'in nan ya miƙe yana sakace, ya shiga karɓar takardu. Nasiha ta hango mahaifinta ta taho da sauri, fuskarta fal murna, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ashe ka zo! Wallahi duk na cike, ko layi ɗaya ban bari ba."

"Madalla," ya ce, yana ƙoƙarin daidaita murya. "Tambaya ta farko, me kika rubuta?"

"Dawa."

"To. Ni da ke yanzu, ba malami ba Alhaji. Mene ne a tiren?"

Ta ɗan karkata kai tana tunani. Ba alamar kunya a fuskarta, ba ta kuma neman ɓoye masa komai. Da gaske take ƙoƙarin tunawa.

"Wallahi Baba ban duba ba."

"A gabanki fa yake, Nasiha. Gwiwar hannunki na taɓa shi."

"Allo nake kallo, kar a goge ban gama ba. Malam Zulkifli ya ce mai waige-waige shi ke tsallake layi." Sai ta lura da fuskarsa, murmushinta ya ragu. "Ba dawa ba ce?"

"Gero ne."

"Gero?" Ta zaro ido, ta dafe ƙirji. Ya tsaya yana jira ya ga ko za ta fusata, ko za ta ce an mayar da su shashashai.

"Amma dai dawa ce a wajen masu makin ko, Baba?"

"Dawa ce," ya ce a hankali.

"Alhamdulillahi," ta sauke ajiyar zuciya. "Har ka ba ni tsoro."