Waldar Sitiyari

Tun ranar da Baban Jannatu ya shigo da motar daga Kwatano ban so ta ba. Doguwa ce mai faɗin baya, ƙirar Japan, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Wanda ya fara mallakarta ya ƙara wa injin ƙarfi, ya sa mata salansa mai gurnani. Da sitiyari a dama ta zo, aka yanke shi aka mayar hagu.

A hanyar Chinade ta fara nuna hali. Muna tafe, 'yarmu Jannatu na kan cinyata, sai motar ta karkata da kanta, ta nufi wata kuka kafin ta dawo kwalta.

Na matsa har muka je garejin Ɗanboyi makanike. Ya shiga ƙarƙashinta, ya fito ba fara'a.

"Oga, inda aka haɗa sandar sitiyarin walda ce, kuma ta tsage. Irin kayanta sai Legas."

"A ƙara walda mana," in ji mijina.

"Ba da hannuna ba. Wannan injin ya fi ƙarfin walda."

Daga nan na ce 'yata ta gama shiga motar. Kullum maganata ɗaya: a sayar. Abin da ban tambaya ba shi ne, a sayar wa wa?

Ran wata Laraba da la'asar ina tankaɗe, na jiyo ciniki a zaure. Na gane muryar. Malam Talha ne, mai kwasar yaran unguwarmu zuwa makarantar nazare, har da Jannatu. Tsohuwar motarsa ta mutu.

"Wannan bayan ai sai ya ɗauke min aji guda!" in ji shi, yana dariya.

"Na sallama," in ji mijina.

"Allah ya sa albarka."

Na fito da gari a hannuna, suna riƙe da hannun juna.

"Baban Jannatu, ka faɗa masa aibinta?"

"Saudatu, koma ciki. Ba ke kika ce a sayar ba?"

Ban koma ba. Na faɗa wa Malam Talha duk abin da Ɗanboyi ya ce. Ya saurara har ƙarshe cikin mutunci.

"Maman Jannatu, wace mota ce a Azare ba walda ke riƙe da ita ba? An riga an sa albarka, ni ba na mayar da ciniki. A hankali zan riƙa ja."

Ya tayar da ita. Ko taɓa totur bai yi sosai ba, ta zabura, kaji suka watse.

Kafin magariba na zaga gidajen iyayen yaran. Zuliha ta ce nata yaran sun fasa shiga motar. Mariyamu ta ce sai maigidanta ya dawo. Wata ta ce ai komai nufin Allah ne, ta miƙo min ruwa.

Da safe gurnanin ya tsaya a ƙofar gidanmu. Jannatu ta ɗauki jakarta, na riƙe wuyan hannunta.

"Umma, za su tafi su bar ni!"

"Su tafi. Ni zan kai ki."

Na goya ta duk da nauyinta. Motar ta wuce mu, fuskoki cike da gilashin baya, 'yar Mariyamu na ɗaga mana hannu. Na bi su da ido har kwanar kasuwa, inda dole Malam Talha ya murɗa sitiyarin.