Littafin da Bunruean Ta Zaɓa wa Ranarta

Tun da likita ya ce zuciyar Bunruean mai sayar da taliya ta fara gajiya, mijinta Sawaeng ya hana ta ɗaga ko tukunyar miya. Ita kuwa abin da ya tsaya mata a rai daban ne. Ta halarci ƙona gawa a haikalin unguwarsu a garin Lampang ba iyaka, ta kuma karɓi littattafan koyarwar Buda da iyalan mamaci kan raba wa jama'a, waɗanda 'ya'ya ke zaɓa a gurguje ido cike da hawaye. Ta ce ita kam ba za a yi mata haka ba.

"'Yarka Wanpen ko kankana ba ta iya zaɓa ba, balle littafi," in ji ta wata safiya. "Tashi ka tayar da babur, tsoho."

"Ke dai kin rasa aikin yi. Mutum da ransa da lafiyarsa ya kama shirin ƙona kansa?"

"To kai ne za ka zaɓa mini? Kai da ka sayo mana labule kalar hanta?"

Ya tayar da babur ɗin, amma tafiyar da ya yi da ita, har masu keke wuce su suke yi.

Shagon Kimlang yana jikin katangar haikali, cike da kyandir da turare da rigunan 'yan zuhudu. Da ta ji abin da ya kawo su, ba ta nuna mamaki ba. Ta share saman kanta, ta jera musu littafi ɗaya a siga huɗu.

Na farko mai kaurin bango ne, da rubutun ruwan zinariya, Pali, tsohon harshen littattafan addinin, a shafin hagu, fassara a dama. Sawaeng ya ɗaga shi, ya yi nishi.

"Wannan ai sai a ba mutum tare da ɗan dako."

Na biyu ɗan ƙarami ne mai shiga aljihu. Ya nesanta shi da idonsa, ya matso da shi, ya ce tururuwa ce ta faɗa tawada ta bi ta kan takarda. Na uku kuwa kati ne kawai, da wani zane da ake haskawa da waya sai a ji murya tana karantawa.

"Baba, shi yara ke yayi yanzu," in ji Kimlang.

"Muryar wa?" in ji Sawaeng.

"Wani mai karanta labarai ne."

"Ƙaton da bai taɓa cin taliyar matata ba, shi zai yi magana a ranarta? A'a."

Bunruean dai tana tsaye tana kallonsa. Na huɗun fari ne, bangonsa mai laushi, babu Pali, sai harshen da ake ciniki da shi a kasuwa, haruffan manya-manya. Sawaeng ya juya shi gaba da baya yana neman aibi. Da ya rasa, sai ya ce takardar tana wari.

"Kimlang, 'yata," in ji Bunruean, "ko daga sama kika sauko da littafi, mutumin nan zai ce gefensa ya lanƙwashe. Ba littafin yake ƙi ba." Ta dafa farin. "Wannan nake so. Ƙawayena duk idonsu ya yi rauni, shi ma haka, ƙin yarda ne kawai."

Sawaeng ya fita waje ya tsaya wajen babur, ya daɗe yana goge madubin da ba shi da datti.

Bayan 'yan makonni aka kawo kwalaye. A shafin farko na kowane littafi ga hoton Bunruean tana dariya a gaban tukunyar taliyarta, da sunanta a ƙasa. Irin wannan littafi ba a ajiye shi a ƙasa, don haka aka ɗora kwalayen a saman kabad, daidai inda idon Sawaeng ke fara sauka in ya farka. Abinci ya daina yi masa daɗi.

Ran nan da zai je aski, ya hau kujera ya zaro guda ɗaya daga kwalin baya, ya ba mai askin. Da ya dawo ya ji ƙirjinsa ya ɗan yi sauƙi. Daga nan fa sai ya zama ba ya fita hannu sake. 'Yan acaɓan bakin kasuwa sun samu, mai sayar da ƙanƙara ta samu, har ɗan sandan da ya tsayar da shi a kan hular kwano ya tafi da nasa.

Asirin ya tonu ne a asibiti. Suna zaune a layin ganin likita, wata mata a gefen Bunruean tana karanta wani farin littafi. Matar ta koma shafin farko, ta dubi hoton, ta ɗago ta dubi Bunruean, ta sake duban hoton. Sai ta zabura ta miƙe, jakarta ta zube.

"Inna! Ba ke ce kika rasu ba?"

"Ban ji labari ba tukuna," in ji Bunruean. "Wa ya ba ki?"

"Mijina ne, ɗan acaɓa. Wani tsoho ne ya..."

Sawaeng kuwa yana nan zaune ya ƙura wa silin ido.

Suka koma gida. Bunruean ta sa shi ya sauko da kwalayen. Na gaba ne kawai cike, na baya duk iska ce a ciki.

"Ɓarawon littafin addini," ta ce. "A cikin littafin ma an hana sata, da ka buɗe ka gani."

"Na buɗe. Na karanta shi kaf." Ya zauna a bakin gado. "Ya ce komai mai wucewa ne. Na ji, na yarda. Amma ba sai an ɗora mini shi a saman kai kullum safiya ba."

Ta dube shi. Sannan ta zauna kusa da shi, ta gyara masa wuyan riga.

"Matar nan har ta ninke kunnen shafi," ta ce a hankali. "Ashe ana karantawa. Da na mutu ai da ban gani ba."

Ranar ibada ta gaba, bayan 'yan zuhudu sun gama cin abinci, Bunruean ta zauna a bakin matakalar haikali, Sawaeng yana miƙo mata littattafan, tana ba mutane da hannunta. Wasu suka yi dariya, wasu suka share ido. Ita kuwa kowa ta ba sai ta ja masa kunne kada ya tokare ƙafar tebur da shi.

Ta ƙara damina biyu a duniya. Ranar da aka ƙona ta, Wanpen ta shiga damuwa don babu abin rabawa. Sawaeng ya ce ta kwantar da hankalinta, ya nuna mata rumfar baƙi. Mai aski yana zaune da nasa littafin a kan cinya, bangon duk ya yi baƙi da hannu, 'yan acaɓa kuma sun jeru a baya da rigunansu na aiki, kowa da nasa.