Ƙwaryar Inno a Kan Takarda

A yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. In na yi kure a rufa mini asiri.

Ma'u ɗaliba ce a Dutsin-Ma, kuma ba ta da buri sai ta zama mai zana hotunan littattafan karatu. Duk hoton da ta gani a littafin aji, na wasu mutane ne da wasu bishiyoyi. Ita so take yaron Kurfi ya buɗe littafi ya ga rumbun gidansu.

Ba a makaranta ta fara son zane ba. A ƙauyensu Wurma ne, kusa da Kurfi, a gefen kakarta Inno mai zanen ƙwarya. Inno takan sa ƙarfe a garwashi ya yi ja, ta ja shi a bayan ƙwarya, hayaƙi na tashi, layi na fita kamar da can yana ciki.

Shekara biyu bayan samun 'yancin kai, malaminsu na zane, Malam Tukur, ya ba ta farar takarda mai kauri guda ɗaya tal.

"Daga Zariya aka aiko ta, babu wata. Wanda zanensa ya ci, za a ɗauke shi karatu. Ko ɗigon miya kar ya taɓa ta, kin ji ko?"

Ta zana hannayen Inno riƙe da ƙwarya, kowane layi a wurinsa. Kafin ta miƙa, ta bi motar kasuwa zuwa gida, don mai ƙwaryar ta fara gani.

Ashe yanar ido ta gama rufe Inno. Ba wanda ya aika wa Ma'u da labari.

"Ja'ira, ke ce? Mi kika zo mani da shi, goro?"

"Aikina ne, Inno. Ƙwaryarki na zana."

Tsohuwar ta goge hannu a zanen da ke jikinta, ta shafa takardar sama da ƙasa, yadda take shafa ƙwarya in za ta gane aikin wa ne. Ta sake shafawa.

"Babu komi nan, ɗiyata. Sumul take. Ko ba ki fara ba?"

Kawu Rabo da ke zaune a gefe ya tuntsire da dariya. "Boko ke nan, Inno. Aikin da ba ya taɓuwa!"

Ma'u ta daɗe tana duban takardar. Sai ta zaro basilla daga jikin danga, ta ɗora takardar a kan tabarma, ta fara bin layukan tana dannawa. Takardar ta kumbura, ta huje, ta yage wajen babban yatsan Inno da ta zana. Ba ta tsaya ba har ta zagaye ƙwaryar.

Inno ta bi ramin da yatsa a hankali. Leɓenta ya fara motsi.

"Wannan ai ta auren gwaggonki Talatu ce! Ga saƙar bakin, ga inda ƙarfe ya zame mani." Yatsanta ya tsaya a wurin. "Har kuskurena kika ɗauko?"

Ta ɗaga murya tana kiran matan gida su zo su ga jikarta. Takardar ta shiga hannu zuwa hannu, wannan da mai, wannan da ƙullu, Inno na ta bayani ba ta gajiya.

Ma'u ta tuna Malam Tukur zai tambaye ta takardar ran Litinin. Tun ba a waiwayo ba, ta ɗauki takalmanta a hannu, ta sulale ta bayan rumbu.