Ranar da Malam Buba Ya Kira Ɓauna

Tun da gwiwoyinsa suka fara ba shi wahala, Malam Buba ya sakar wa 'ya'yansa maza garken shanu, suka gangara da shi kudu neman ciyawa. Shi kuwa ya zauna a Sara, daga masallaci sai gindin darbejiyar ƙofar gida. Dajin da ya yi kiwo a cikinsa yana saurayi duk ya zama gonakin gero da riɗi.

Bayan an gama girbi, wata Juma'a 'yarsa Mansura, wadda ke aikin jinya a Birnin Kudu, ta zo da mijinta Yahuza. Ta ce gobe za su kai shi gandun dajin Yankari, shi da mahaifiyarta Hapsatu.

"Ni da na tsufa a bayan shanu," in ji shi, "yau ni za a kai kallon dabba?"

"Baba, ai ba shanu ba ne. Su giwa ne da ɓauna."

"Ku dai je da uwarku, Allah ya tsare."

Hapsatu ta tashi. Ta haɗa dambun zogale, ta kirɓa fura, sannan ta ciro masa rigarsa ta fita ta rataye a ƙofar ɗaki. Da gari ya waye, shi ya riga kowa shiga mota.

Suka bi ta Darazo suka ratsa Bauchi, ba su isa ƙofar dajin ba sai da rana ta take. Daga nan zuwa masaukin baƙi akwai sauran tafiya, daji hagu daji dama. Ba su yi nisa ba Malam Buba ya dafa kafaɗar surukinsa.

"Yahuza, rage gudu. Sauke mini gilashin nan."

Ya leƙa waje ya shaƙi iska. Ga kawo, ga ƙirya, ga taura, ba wanda gatari ya taɓa. Gamba ta bushe a tsaye, tsawonta ya wuce mutum.

"Malam," in ji Hapsatu daga baya, "wannan ai kamar bayan garinmu ne a da, inda nake kai maka fura."

"Ashe da sauransa a duniya," ya ce.

A masauki suka shimfiɗa tabarma a inuwa bayan sallar azahar. Hapsatu na kwance ledar dambu ke nan sai wani ƙaton gwaggon biri ya diro, ya fizge ya haye kan rufi. Ta miƙe da takalmi a hannu tana yi masa Allah ya isa, shi kuwa ya zauna yana ci yana kallonta. Mansura ta yi dariya har da hawaye. Furar da Yahuza ya rungume ita ce ta tsira.

Daga nan suka gangara ruwan Wikki. Garau yake, har farin yashin ƙasa ana gani, ga ɗumi kamar an sirka wa mai jego. Malam Buba ya naɗe wando ya tsoma gwiwoyinsa. Hapsatu ta ce ƙafa kawai za ta wanke. Can gefen da mata suke, sai ga ta cikin ruwa har ƙirji da zanenta, tana watsa wa 'yarta, sai da aka yi ta kira kafin ta fito.

Bayan la'asar suka hau motar zagaya daji tare da wasu baƙi. Jagoransu, wani ma'aikaci mai suna Ƙasimu, ya faɗa musu tun farko cewa ganin giwa sai rabo. Suka ga sawunta da rassan da ta kakkarya, amma ita ba ta fito ba. Suka ga gwambaza, wata mai kama da ƙatuwar barewa, a bakin ruwa, da gwanki ɗaya da ya tsaya cak kafin ya shige ciyawa.

Rana ta yi ja lokacin da motar ta sauka wata fadama, direba ya kashe inji. Garken ɓauna ne ya bazu a gabansu, baƙaƙe wuluk, balbelu na bin ƙafafunsu, ƙurar da suka tayar tana rataye a iska. Warin garke ya bugi hancin Malam Buba. Bai san lokacin da ya miƙe ba, ya buɗe baki ya rangaɗa kiran nan da yake yi wa shanunsa in za a koma ruga.

Kawuna suka ɗago gaba ɗaya. Wata tsohuwar ɓauna mai faɗin ƙaho ta tako gaba, ta kafe shi da ido, maraƙinta a laɓe a bayanta.

"Baba, don Allah a zauna," Ƙasimu ya ce da raɗa. "Waɗannan ba su san sanda ba."

Ya zauna a hankali. Ɓaunar ta huro iska ta hanci, ta juya ta ci gaba da kiwo. Sai a lokacin mutanen motar suka saki dariyar da suka riƙe.

"Amma ai ta amsa," in ji Malam Buba, fuskarsa a washe. "Kun dai gani da idonku."

A masaukin suka kwana. Da safe Yahuza ya ɗora kaya yana son su kama hanya da wuri, aka nemi Hapsatu aka rasa, ashe ta koma ruwa. Malam Buba ya ce a ƙyale ta. Ya zauna a kan dakali yana kallon wani gadu da ya durƙusa a kan gwiwoyinsa yana cin ciyawa dab da shi.

Sai da hantsi Hapsatu ta hauro, mayafi a kafaɗa, tana matse bakin zane.

"Yahuza," ta ce, "in za a sake zuwa, a bar wa ƙanwata Turai wuri. Ciwon bayan nan nata, wannan ruwan yake so."

"In sha Allahu, Inna," ya ce, ya buɗe mata ƙofa.