Ƙulli Uku a Ɗakin Gwaji

Uwar Biyu ta kwance bakin zaninta, ta dire ƙulli uku a kan teburin ɗakin gwajin abinci. Duk gari ne a leda, ɗaya ɗaure da jan zare, ɗaya da baƙi, ɗaya da kore.

"Mama, ina gwangwanayensu?" in ji mai awon, wata 'yar siririya cikin farar riga.

"Gari za ki auna, ko gwangwani?"

Wata uku ke nan 'yarta Auta ba ta motsa sikelin asibiti ba, alhali safe da yamma ana dama mata garin ƙarin kuzari na gwangwani, wanda ƙanin mijin Uwar Biyu ke sayarwa a shagonsa. Ya rantse mata da Allah wai ya fi nama, har ya sa ta daina ba yarinyar haɗin da take niƙawa da kanta. Nas ce ta ga abin ya ƙi, ta turo ta nan.

To amma su ma masu farar rigar ba ta yarda da su ba. Wa ya sani ko jikin gwangwani suke karantawa su kwafe? Shi ya sa ta raba garin gwangwanin gida biyu, ja da baƙi. In sakamakonsu ya bambanta, ta kama maƙaryata. Mai koren zaren nata ne: waken suya, gyaɗa da busasshen kifi.

Aka ce ta je ta dawo, ta ƙi. Ta zauna a benci, carbi a hannu, ido a kan gilashi, tana kallon mai awon tana ɗiba da ɗan cokali, tana ɗiga ruwa a kwalabe. Nan a baranda ta yi azahar, tana sallamewa ta leƙa ko an sauya mata zare.

Can mai awon ta fito da takarda tana murmushi.

"Mama, gwada mu kika yi ko? Ja da baƙi uwarsu ɗaya, ubansu ɗaya. Sitaci ne da sukari da ɗan ƙamshi. Abin gina jiki kusan babu."

"Innalillahi."

"Koren nan fa, shi ne abinci. A wane kanti kika saya?"

Uwar Biyu ta kalli ƙasa.

"Nawa ne. Tun da na daina ba Auta, kaji nake watsa wa."

"Sun yi ƙiba?"

"Ko gudu ba sa iyawa."

Tana bakin ƙofa wayarta ta yi ƙara. Ƙanin mijinta ne.

"Matar yaya! Sabon kaya ya sauka, in aiko miki biyu?"

Ta ninke takardar, ta ƙulle a bakin zani, ta ja ƙullin da kyau.

"Kar ka aiko. Ka kawo da kanka bayan la'asar, yayanka yana gida. Ni zan dama maka."